Kafin ka sayi tayil ɗin ƙasan banɗaki

Bara da za mu gyara banɗakin Inna, na shiga shago na nuna wani tayil fari tas mai ƙyalli kamar madubi, na ce shi nake so. Mai aikin da ya raka ni ya ari buta ya zuba masa ruwa, ya ce, "Alhaji, shafa ka ji." Tafin hannuna ya zame kamar na taɓa sabulu. Nan take na fasa. Ƙasan banɗakinmu ba ta bushewa: wanka, alwala sau biyar, wankin kayan yara. Tsohuwa in ta zame a irin wannan wuri, ƙugu ake jin tsoro, kuma karayar ƙugu a tsufa ba ƙaramar jinya ba ce. Saboda haka ni dai a ƙasa mai kaushi nake ba da shawara, mai ƙyallin a kai shi bango.

Iri biyu za ka fi tararwa a shagunan kayan gini na Sakkwato, siramik da fosilin. Siramik ya fi araha, yana da sauƙin yankawa, amma bayansa yana shan ruwa. Fosilin an gasa shi da wuta mai ƙarfi, ruwan da yake sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, shi ya sa ya fi jure danshi da takawa. Gane su ba wuya. Juya bayan tayil ka ɗiga ruwa: in ya shanye da sauri siramik ne, in ya tsaya fosilin ne. Marmara kuwa tana da kyau a ido, sai dai ruwan wanke masai mai kaifi yana cinye fuskarta, ga tsada. Ban ga dalilinta a banɗakin iyali ba.

Batun ƙasar da aka yi shi, akwai na Sifen da Italiya, akwai na Sin da Indiya, akwai kuma na gida da ake yi a Ajakuta ta jihar Kogi da kuma jihar Ogun. Na gida mai kauri ya wadatar. Abin dubawa shi ne ka haɗa guda biyu fuska da fuska ka ga ko sun kwanta daidai, domin lanƙwasasshen tayil ba gwanin da zai daidaita shi.

Girma shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Ana sha'awar mai santimita 60 da 60 saboda falo, amma ƙasan banɗaki tana bukatar gangara, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, zuwa bakin magudana. Babban tayil ba ya bin gangara sai an yayyanka shi, ƙarshenta ruwa ya kwanta a lungu. Mai 30 da 30 ya fi biyayya, kuma yawan layukan da ke tsakaninsa yana ƙara wa ƙafa riƙo.

Siminti ba matsala ba ne a Sakkwato, garin da ke da masana'antar siminti a Kalambaina, amma ba kowane tayil yake kamawa ba. Siramik ana jiƙa shi a ruwa kafin a ɗora a kwaɓin siminti da yashi. Fosilin da ba ya shan ruwa gam ɗin tayil yake so, in ba haka ba bayan ɗan lokaci ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar ganga. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da kwaɓi tun bai kama ba, don haka a fara da sassafe, a yayyafa wa daɓen ruwa, a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Launi kuwa, fari yana tona ƙurar hunturu, baƙi yana nuna sawun sabulu. Ruwan ƙasa ko ruwan toka muka ɗauka.

Ka auna tsawo da faɗi, ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ka sayi duka a rana ɗaya, kana duba lambar da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya, domin launi yakan ɗan saɓa daga gashi zuwa gashi. Rabin kwalin da ya rage mana yana nan a ɗakin ajiya, ranar da za a fasa ƙasa a gyara famfo.