Tsohon Mi Box S, Google TV Streamer ko Apple TV 4K: wanne ya dace da falonka a Damagaram?

Malam, na ga tambayarka tun jiya da dare, na bari sai yau don in amsa a natse. Ka ce kana da Mi Box S na Xiaomi, akwatin nan da ake jonawa da tele a yi kallo ta intanet, da ya daɗe a gidanka, yanzu ya fara nauyi, telekomand ɗinsa kuma sai an matsa da ƙarfi kafin ta amsa. Ɗan ƙanenka zai zo hutu daga Faransa, ya ce ka zaɓa tsakanin Google TV Streamer da Apple TV 4K ya taho maka da shi, kai ka biya. Kana so ka san ko canjin ya kai kuɗinsa.

Bari mu fara da kuɗin, tunda shi ne mai zafi. Apple TV 4K na 2022 ya fito a Faransa a kan Yuro 169 mai jiga 64, da Yuro 189 mai jiga 128. Google TV Streamer ya fito a 2024 a kan Yuro 119. Lissafin bai da wuya a wurinmu tunda sefa a ɗaure take da Yuro, kowane ɗaya kusan sefa 656. Ke nan na Google wajen jaka 78, ƙaramin Apple wajen jaka 111, babban kuma wajen jaka 124. Dukansu biyu ba sa zuwa da wayar HDMI a cikin kwali, sai ka saya daban, alhali naka da wayarsa ya zo. Shi Mi Box S lokacin da ya fito a 2018, dala 60 ta Amurka aka sa masa. Telekomand ɗin Apple ita kaɗai, in ta ɓata ko ta lalace, dala 59 ce. Wato abin dannawa kawai ya kusa kuɗin akwatinka sukutum.

A takarda, ba gardama, sababbin sun fi naka. Naka yana da jiga 2 na ƙwaƙwalwar aiki da jiga 8 na ajiya, kuma tsarin kansa ya riga ya cinye kaso mai yawa na ajiyar, shi ya sa kana zuba manhajoji kaɗan yake fara kukan ya cika. Na Google jiga 4 ne da jiga 32. Na Apple kuwa yana ɗauke da A15, irin ƙwaƙwalwar da ke cikin iPhone 13, ya yi wa sauran biyun nisa wajen sauri. Kana dannawa yana buɗewa. Wanda ya taɓa shi zai yi wuya ya koma wani bai ji bambanci ba.

Sai dai abin da ake sayar maka da shi a waɗannan akwatuna shi ne hoton 4K, shi kuma 4K ba a cikin akwati yake zaune ba, ta rezo yake zuwa. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta 4K tana iya cin jiga 7, ta HD jiga 3, ta hoto na yau da kullum kuma jiga 1. Fim ɗaya na awa biyu a 4K zai iya lashe jiga 14. Ɗauki forfen da kake saya a wata, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani, ka raba da 14, ka ga dare nawa zai kai ka. Bayan haka sun ce sai rezo ya kai megabit 15 a daƙiƙa kafin 4K ya tafi daidai, kuma sai a kan babban abonemarsu ake samunsa. Mu da muka san yadda rezo yake yi bayan isha'i, lokacin da kowa ya dawo gida ya kama waya, mun san hoton da kansa yake sauka ƙasa don kada ya tsaya. A wannan lokacin Apple na jaka 124 da tsohon Xiaomi hoto iri ɗaya za su nuna maka.

Wani abin da mutane suke mantawa: Mi Box S ɗinka ma 4K ne, har da HDR. In telenka ce ba ta kai ba, to ko wane akwati ka jona mata ba za ta wuce iyakarta ba. Duba bayanta ko kwalinta. In ka ga Full HD ko 1080, zancen 4K ya ƙare a nan. Kuma abin da aka fi kallo a gidajenmu, wa'azi da tafsiri da finafinan Hausa da labarai a YouTube, akasarinsu HD ne ko ƙasa da haka tun daga inda aka ɗora su.

Yanzu telekomand, wadda a ganina ita ce ainihin damuwarka ko da ba ka sa ta a gaba ba. Akwatin yana bayan tele, ba mai taɓa shi. Telekomand ita ce take yawo hannu hannu, daga naka zuwa na uwargida, zuwa na yara masu maiƙon ƙuliƙuli a yatsa, ta faɗi a siminti, ta shige ƙarƙashin kujera, ta sha ƙurar hunturu.

Ta Apple kyakkyawa ce, ƙarfen alminiyom, da nauyinta a hannu. Sun gyara ta ne a 2021 bayan shekaru ana ƙorafi da ta 2015, baƙar nan mai gilashi a sama wadda sai an shafa, ga santsi, ga shi a duhu mutum ba ya gane kai da gindi. Sabuwar tana da zobe da ake dannawa, ana kuma iya shafa shi, da maɓallin kashe tele da na ɗauke sauti. Batirinta a ciki yake, ana caji da USB-C a samfurin 2022. Wannan zai raba ka da sayen batir, amma ranar da batirin cikin ya gaji ba abu ne da za ka buɗe ka canza a tsakar gida ba. Shafar nan kuma tana wahalar da tsofaffi: yatsa ya ɗan goga, sai hoto ya zarce. Ana iya kashe ta a saiti a bar dannawa kawai, ka san da haka in har ka saya.

Ta Google roba ce, ba ta da kwarjinin ta Apple, amma an yi tunanin gida mai mutane da yawa wajen ƙera ta. Batir ƙanana biyu take ɗauka, irin AAA da za ka samu a kowane tebur daga Zango har Birni. Maɓallan ƙara sauti sun dawo gaba, ba kamar ta Chromecast na 2020 ba da suke a gefe. Akwai na YouTube, akwai na Netflix, akwai na ɗauke sauti, akwai wani mai tauraro da za ka sa masa aikin da kake so. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan maɓallin da ke bayan akwatin: in telekomand ta ɓata, ka danna shi sai ta yi ƙara a inda take. Duk mai yara a gida ya san darajar wannan. A Apple ma ana iya neman ta, amma sai da iPhone.

Taka ta Xiaomi ita ma batir biyu ce, ta Bluetooth, ba sai ka nuna ta wajen akwatin ba. Rashinta ɗaya da ake ji kullum shi ne ba ta da maɓallin ɗauke sauti, ga kiran sallah ko sallamar baƙo sai ka yi ta danna ragewa. Amma taurin da ta yi ba ciwon ajali ba ne. Sau da yawa ƙura da maiƙo ne suke taruwa ƙarƙashin robar maɓallan, mai gyaran waya zai buɗe ya goge. In ta ƙi, ana sayar da irinta daban, a kuɗin da bai kama ƙafar na sabon akwati ba. Kafin nan, manhajar Google TV a wayarka tana da telekomand a ciki, muddin waya da akwati suna kan Wi-Fi ɗaya. Maɓallin magana kuwa kada ya ja ka. Siri ba ta jin Hausa, in ma za ka yi magana da ɗayansu to da Faransanci ne.

Ga inda nake ganin Apple ya faɗi a garin nan, kuma ɗan ƙanenka ba zai tuna da shi ba don a can ba haka suke kallo ba: ba shi da ramin USB ko ɗaya. Mu kuwa rabin kallonmu a kile yake. Mutum ya je wurin masu turi a kasuwar Dole ko bakin titi, a cika masa kile da finafinai da karatu da bidiyon biki, ya dawo ya soka, iyali su yi mako suna kallo ba a taɓa ko mega ɗaya ba. Mi Box S yana da ramin USB a baya, ka sa VLC, manhajar kunna bidiyo, shi ke nan. Na Google ramin USB ɗaya gare shi, USB-C, kuma ta nan yake shan wuta, don haka sai ka nemi ƴar mahaɗa mai ramuka da yawa wadda take wuce da wuta kafin ka jona kile. Yana yiwuwa, amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin wayoyi. Apple kuwa sai dai ka turo daga iPhone ta AirPlay ko daga kwamfuta a kan Wi-Fi ɗin gida. Haka kuma ba ya karɓar manhaja sai daga shagonsa, saɓanin biyun da suke kan Android.

Sai wuta. Ba sai na tuna maka 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da take ba mu bayan juyin mulki, ko yadda ake fama a watannin bazara. Xiaomi da Google duk wutar kusan bolt 5 suke sha ta ƙaramar caja. Wanda yake da sola da tele mai aiki da batir zai iya ɗora su a kai ba wahala, na Google ma da USB-C yake. Apple cajarsa a cikinsa take, wayar bango kai tsaye, in babu wutar gari sai da inbata. Kuma in wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu, a biyun farko galibi cajar waje ce take tafiya, a canza ta a ci gaba. A Apple abin a ciki zai faru, garanti kuma yana Faransa. Ni kaina na taɓa asarar wani akwati a irin wannan dawowar wutar, tun ranar ban sake jona komai a bango ba sai ta ralanj mai kariya. Zafi ma abin dubawa ne: Apple sun rubuta cewa na'urar tana aiki tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40. Ko wanne ka ajiye, kada ka kulle shi a durowa ko ka ɗora shi a kan dekodar Canal+ mai zafi.

Ramin wayar intanet, Google yana da shi, Apple sai mai jiga 128, naka babu. In da waya ko ƴar ƙaramar ruta kake rarraba rezo kamar yawancinmu, wannan bai shafe ka ba.

Na san wani zai ce ka bar su duka ka sayi irin baƙaƙen akwatunan nan marasa suna da aka rubuta 6K ko 8K a kwalinsu. Araha ba ta ado. Yawancinsu ba su da shaidar Google, don haka Netflix ba ya ba su HD, kuma a Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan BADBOX 2.0, wata muguwar manhaja da ake samu a irin waɗannan na'urori, wasu tun kafin a saye su. Tsohon naka mai shaida ya fi su.

Da ni ne kai, Malam, ba zan canza ba bana. Da tsohuwar zuma ake magani. Zan cire manhajojin da ba a buɗewa, in share tarkacen da suka tara, in bai saki ba in mayar da shi yadda ya fito daga kamfani in sake zuba YouTube da VLC da abin da ake kallo kawai. In bayan wannan har yanzu yana jan ƙafa, kuma ka ƙudura sai sabo, ɗauki na Google: ajiyarsa ta ninka taka sau huɗu, asusunka na Gmail da manhajojinka duk za su bi ka, iyali ba sai sun koyi sabon abu ba. Apple zan ba mutum shawararsa ne kawai in gidansa na masu iPhone ne, telensa 4K ce ta gaske, yana da intanet marar iyaka, kuma bai damu da kile ba. Daga yadda ka bayyana gidanka, ban ga ɗaya daga cikin huɗun nan ba.

Ka ce wa yaron ya taho maka da telekomand ta Mi Box S guda biyu, ya tabbatar ta Bluetooth ce ba mai fitilar gaba ba, da kile mai jiga 64 na kirki. In kuma ka zaɓi na Google, kada ya manta da wayar HDMI da mahaɗar USB-C mai wuce da wuta. Cajar Faransa tana shiga soket ɗinmu daidai, ba sai ka nemi wani abu ba. Ka turo mini lambar da ke bayan telenka in duba maka ko 4K ce.