Wane keke ya dace da sabon shiga a hanyar bakin kogi?

Hanyoyin da manoman fadama ke bi a gefen Kogin Kaduna ba su da hawa mai wahala, ba su da gangara mai firgita mutum. Ƙasa ce da ƙafa ta daddale, nan yashi, can tsakuwa, sai inda ruwan injin ban-ruwa ya ratsa ya bar taɓo. Wanda bai taɓa fita da keke bayan gari ba zai iya zagaya kilomita 8 ko 10 ya dawo inda ya faro kafin rana ta take. Wahalar tana kasuwa: da ka ce wa mai shago kana neman keken hawan dutse, wanda ya fi ƙyalli zai gunguro maka.

Mai ƙyallin nan galibi shi ne mai shok gaba da baya, da jan sifirin a ƙarƙashin sirdi. Ni ma shi na fara saye, kuma na ji a jikina. Na ainihin, an ƙera shi ne don sauka daga kan duwatsu da gudu, kuɗinsa kuwa sai ya kamo na babur ko ya wuce. Na arahar da ya cika shaguna kwaikwayo ne kawai. Ƙarfensa nauyi gare shi, duk takun feda sai sirdin ya lotsa ya taso, wani kaso na ƙarfinka na tafiya a banza. Nawa bai yi wata 3 ba mahaɗar bayan ta fara ƙara, na kai wa mai gyara, ya jijjiga tayar ya ce, "Oga, wannan ko an ɗaure gobe zai kwance." Araha ba ta ado.

Abin da nake ba sabon shiga shawara shi ne mai shok a gaba kaɗai, bayansa sandararre. Shok mai lotsawar milimita 100 ya isa ya shanye gargadar sawun shanu da ya bushe, wuyan hannunka ya huta. Irinsu Trek Marlin, Giant Talon, Specialized Rockhopper da Rockrider na Decathlon duk wannan aji ne, nauyinsu wajen kilo 14, kuma sukan faɗo cikin kayan gwanjo. Akwai kuma marar shok sam, irin na shekarun 1990. Kada ka raina shi. Idan tayarsa mai faɗi ce, ya fi keken da shok ɗinsa ya ci tsatsa ya daskare, domin mataccen shok kaya ne kawai kake ɗauka.

Wani zai ce ai da tsohon Raleigh ko Phoenix manomi ke bin hanyar nan kullum, har da buhun albasa a baya. Haka ne, kuma in shi gare ka a gida, fara da shi. Sai dai giyarsa ɗaya ce, birkinsa na sanda da ya jiƙe sai addu'a, siririyar tayarsa kuma nutsewa take a yashi. Manomin ya san inda zai sauka ya tura, kai ba ka sani ba.

Girman taya iri 3 ne: inci 26, 27.5 da 29. Babbar ta fi haye rami cikin sauƙi, shi ya sa sababbin kekuna suka koma kanta. Amma ka tambayi kanka inda za ka samu tub ranar da ta fashe. Ta inci 26 kusan kowane mai faci ya san ta, ta 29 kuwa sai ka sha yawo. Ka duba bakin tub ɗin ma: mai kauri irin na mota kowane famfo na kama shi, siririn kuwa sai da ɗan mahaɗi, ka saya ka jefa a aljihu. Faɗin taya kada ya gaza inci 2.1, kuma kada a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse, don mai ɗan laushi ta fi riƙe yashi. Babban abokin gabarka a bakin kogi tsidau ne da ƙayar bagaruwa, saboda haka kuɗin da ka rage a kan ƙyalli ka zuba shi a taya mai kauri, tub na ajiya, famfo da hular kwano.

Birki mai faifai ya fi mai matse bakin gare idan ana shiga ruwa da laka, saboda faifan na tsakiya, nesa da taɓo. A cikin masu faifan, wanda ke aiki da mai ya fi kamawa da yatsa ɗaya, amma in ya yi yoyo ba kowa ke iya gyara shi ba. Mai waya ya ishe ka. Giya kuwa kada yawanta ya ruɗe ka, 21 ko 24 duk ɗaya ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sunan da ke jikin giyar za ka karanta: a kayan Shimano, kamfanin da ke ƙera giyar keke, Tourney ne na ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore.

In na gwanjo za ka ɗauka, je da rana tsaka. Tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, ka tabbata akwai tazarar yatsu 3 ko 4 tsakaninka da sandar sama. Bi duk wurin walda da ido, musamman ƙarƙashin wuya, domin tsagar alminiyam ba ta gyaruwa da waldar bakin titi. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ɗin wuya ya saki. Ɗaga taya ka juya ka ga ko tana rawa. Sannan ka ja kaca daga gaban babban haƙori: in ta ɗago har kana hango haske a ƙarƙashinta, ta gama aiki, ka sa mai shagon ya cire kuɗin sabuwa daga ciniki.