Cikon ƙashin muƙamuƙi kafin dashen haƙori: Jamus, Ingila da Turkiyya

'Yan'uwa na gida da ke tambaya kan dashen haƙori a nan Jamus, ku fara da batun ƙashi. Idan aka cire haƙori, ƙashin wurin kan rame, yana iya rasa kusan rabin faɗinsa a shekarar farko. Ƙusar titaniyam da ake dasawa faɗinta kamar milimita 4 ne, tana kuma bukatar ƙashi ya kewaye ta. Idan hoton CBCT, wato hoton X-ray mai nuna kauri da tsayin ƙashi, ya nuna ƙashin bai kai ba, sai an yi ciko.

Likita zai tsaga dasashi, ya zuba garin ƙashi, ya lulluɓe da siririyar fata, ya ɗinke. Ƙashin ko na mutum ne da kansa, a ɗebo daga haɓa ko bayan muƙamuƙi, ko na saniya irin Bio-Oss, ko na haɗin masana'anta. Fatar lulluɓin ce abin lura ga Musulmi: Bio-Gide, wadda ake yawan amfani da ita a asibitocin nan, daga alade ake yin ta. Akwai ta saniya da ta roba, amma sau da yawa sai ka tambaya za a faɗa maka. A turamen sama kuwa, ana ɗaga shimfiɗar kogon iskar da ke gefen hanci a cusa ƙashi a ƙasanta; mako biyu ba fyace hanci, in ba haka ba shimfiɗar na iya yagewa.

Jiran cikon ya warke wata huɗu zuwa tara ne. Taba da ciwon suga da ba a shawo kansa ba su ne ke yawan ɓata aikin: jini bai ratsa cikon, ɗinki ya buɗe, mugunya ta taru.

Inshorar gwamnatin Jamus ba ta cika biyan ciko da ƙusa ba, sai wani kaso na kuɗin haƙorin da ake ɗorawa a kan ƙusar, amma ana ba ka lissafi a rubuce kafin a taɓa ka. A Ingila, NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, ba ta yin dashen sai ga irin wanda ya yi haɗari ko ciwon daji. Istanbul ta fi araha nesa ba kusa ba, sai dai zuwa biyu ne aƙalla, kuma idan ɗinki ya buɗe kana Kano, likitan da bai san abin da aka zuba ba ne zai duba ka. Don haka ka karɓi takarda mai sunan garin ƙashin, da na fatar, da samfurin ƙusar da girmanta, tare da hotunan da aka ɗauka.