Kan wutar gas ko estirakta: wanda ya fi kwance notin kalifa da ya ci tsatsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Tsakanin saitin estirakta (ƙarfen da ake murzawa cikin notin da ya karye don a ciro shi) da ƙaramin kan wutar gas da kake shawarar saye saboda notin kalifar birki (ƙarfen da ke matse faifan birki) da ya ƙi kwancewa, kan wutar za ka saya, idan kuma kuɗi ya ragu ka haɗa da soket mai kusurwa 6 na ƙarfe mai kyau. Duka biyun suna cikin akwatin kayan aikina, amma ɗaya ne kawai nake ɗaukowa.

Motata Corolla ce da aka shigo da ita daga Kanada, inda ake zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, kuma duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin irin waɗannan motoci ya san abin da gishirin nan yake yi wa ƙarfe. Da na zo sauya robobin kalifar gaba, noti mai lamba 14 ya kwance ba gardama, amma sandar da kalifar ke zamewa a kanta ta kafe cikin mariƙinta kamar an yi mata walda. Na yi kwana biyu ina fesa mai safe da yamma, ko motsi ba ta yi ba. A rana ta uku na kwance mariƙin gaba ɗaya da soket 17, na ɗaure shi a kan teburin aiki, na cire robar bakin sandar, sannan na riƙa zagaya wuta a jikin kunnen da sandar take ciki, ba a kan sandar kanta ba. Bayan ɗan lokaci na kama kanta ina murzawa gaba da baya a hankali, sai na ji ta saki, tsatsa na zubowa kamar garin barkono. Mariƙin da na riga na fara tambayar kuɗin wani a madadinsa, shi ne a jikin motar har yau.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfen da ke kewaye da noti yana buɗewa idan ya ɗauki zafi, kuma wannan ɗan motsin yana farfasa tsatsar da ta haɗe su, abin da mai ba zai iya yi ba matuƙar bai sami hanyar shiga ba. Idan kalifar ta alminiyam ce abin ya fi sauƙi, domin alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfen noti ke buɗewa, sai dai yana narkewa a digiri 660 kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kafin ya lalace, saboda haka wuta kaɗan ake ba shi. Bayan wurin ya ɗan huce ne fesa mai yake da amfani, domin a lokacin tsatsar ta tsage.

Wutar tana da sharuɗɗa, kuma ba na son ka yi wasa da su tun da birki ake magana. Ka sauke kayan daga mota, ka raba su da tiyon birki, ka tsiyaye man, ka cire fistin da duk wata roba kafin ka kunna, domin man birki na DOT 3 mizaninsa na tafasa digiri 205 ne yana sabo, wanda ya tsotsi ruwa kuwa yana sauka zuwa wajen 140. Kada ka tsaya saitin bakin sandar, saboda tsohon giris da iskar da suka maƙale a bayanta suna iya harbo ta waje da ƙarfi idan sun yi zafi. Robar da ta ji wuta, da notin da aka gasa har ya yi ja, ba a mayar da su.

Estirakta kuwa yana iya ciro notin da ya karye ba tare da tsatsa ta riƙe shi ba, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Notin fitar da iska na kalifa yana da rami a tsakiya kuma jikinsa siriri ne, don haka da ka murza estirakta ciki sai ya buɗa shi ya ƙara matse shi a mazauninsa. Estiraktana a cikin irin wannan noti ya karye, kuma da yake ƙarfensa ya fi bakin injin huda na yau da kullum tauri, sai da mai walda ya ɗora wani noti a kan guntun kafin ya fito. A nan ma zafin waldar ne ya yi rabin aikin.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayar da kaya. Akwai soket da ake buga wa tambarin Cr-V, wato alamar ƙarfe mai tauri, alhali ƙarfensa mai laushi ne, da ka ɗora masa nauyi sai ya shafe kan noti ya bar ka da aikin da ya fi na farko. Akwai gwangwanin man fesawa na WD-40 na jabu da ba komai a cikinsa sai abu mai warin kalanzir. Wanda ya fi ci mini rai shi ne tsohuwar kalifa da ake wankewa a fesa mata fenti a ce daga waje ta zo lafiya lau, alhali notin iskarta ya riga ya kafe ko an karya shi an rufe da fenti. Idan har ta kai ka ga sayen wata, ka sa mai shagon ya kwance notin iskar ya kuma zare sandunan biyu a gabanka kafin ka ƙirga masa kuɗi, in ya ƙi ka wuce shago na gaba.