Maganin tsutsar sauro: garin darbejiya, man kwalba ko na kanti?

Da zarar damina ta kankama, kwatami ya cika, sai ka ga tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ruwan bayan gida. Na gwada abubuwa da dama a kansu, amma a kan ƙwallon darbejiya na tsaya, wadda wasu ke ce wa dogon yaro ko maina.

Aikinta ya bambanta da na guba. Tsutsar sauro sai ta yi saɓa sau huɗu kafin ta dunƙule, daga nan sauro ya fito. Umarnin saɓar daga ƙwaƙwalwarta yake tasowa, shi ke sa jikinta ya saki sinadarin ekdison mai kwaɓe tsohuwar fata. Sinadarin azadiraktin da ke cikin ƙwallon darbejiya, wanda aka fara tacewa a Ingila a 1968, wannan saƙon yake tarewa. Sai tsutsa ta rage ci, ta maƙale cikin rigar da ta yi mata kaɗan, ta mutu bayan kwanaki. Wadda ta sha da ƙyar takan fito a nakashe. A ƙauyen Banizumbu na Nijar an riƙa barbaɗa dakakken ƙwallon a kududdufai sau biyu a mako a daminar 2007, sauron cizon nan mai kawo zazzaɓi ya ragu da kusan rabi. Sau biyun nan ba ƙa'ida ce ta banza ba: rana tana kashe ƙarfin azadiraktin da sauri.

Na kanti fa? Bti, maganin da ake yi da wata ƙwayar bakteriya mai kashe tsutsar sauro, yana aiki sosai, samunsa ne wuya. Temefos, maganin ƙwarin da ake zubawa a ruwa wanda aka yi yaƙin kurkunu da shi, na ma'aikatan lafiya ne masu awo. Baƙin mai kuwa ɓata ruwa da ƙasa ne kawai, a bar zancensa.

Man darbejiya na kwalba, nan aka cuce ni. Wani mai talla a tasha ya ɗaga gorar ruwa cike da tsutsa, ya ɗiga mansa, kafin ka ce kwabo duk sun nutse. "Alhaji, ka gani da idonka!" Na sayi kwalba biyu. Da na buɗe a gida, warin fiya-fiya ne ya fara bugun hancina. Darbejiya ba ta kisa nan take, don haka duk wanda ya nuna maka tsutsa ta mutu a gabanka, ya zuba wani abu. Wasu da kananzir suke sirkawa, wasu da man gyada. Man gaskiya yana da kauri, yana warin tafarnuwa, yana daskarewa lokacin hunturu. Ko shi ɗin ma, in an soya ƙwallon da wuta sosai kafin matsa, ko kwalbar ta wuni a rana kan tebur, ƙarfinsa ya tafi.

In gari za ka saya, ka nemi ganin ƙwallon kafin a daka. Mai fumfuna ko wanda ya yi baƙi, bar musu kayansu. Garin ganye kore ne, kuma bai kai ƙwallo ƙarfi ba, kada a sayar maka da shi a kuɗin ƙwallo. Ni yanzu yara nake sa wa su tsinto 'ya'yan a gindin bishiya, a wanke, a shanya a inuwa, a daka ranar da za a zuba. Randar sha da tafkin kifi ba na zuba musu, randa murfi take so.