Madubi ko gwajin DNA: wanne zai faɗa maka sunan funfunar?

Ɗan'uwa, ka ce ka ware wata funfuna daga karan tumatir da ya yi yaushi, kana tambaya ko kamanninta sun isa ka sa mata suna, ko sai an kai ga gwajin DNA.

Mu fara da ido. Ka wanke guntun karan da ruwan bilic mai rauni, ka ɗora a farantin PDA, wato abincin dankali da sukari, ka ajiye a zafin digiri 25. Cikin mako guda za ta rufe farantin. Juya shi ka dubi gindin, don sau da yawa launin Fusarium (wani gidan funfuna ne), ruwan hoda ko shunayya, ta ƙasa ya fi fitowa. Sai ka ɗebo kaɗan da bakin allura, ka ɗiga shuɗin rini na laktofenol, ka leƙa madubin ƙara girman abu. Ƙwayoyin Fusarium a lanƙwashe suke kamar lauje, na Alternaria kuwa, wani gidan funfunar daban, kamar kulki, da layuka a tsaye da a kwance. Wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. Amma iyakar madubin ke nan: zai kai ka gidan, wato dangin funfunar, ba zai nuna maka ɗakin ba, wato ainihin nau'inta. Launi ma yakan sauya idan abinci ko haske ya sauya.

DNA ya fi kaifi, ya fi tsada. Tun 2012 aka ɗauki wani yanki na DNA mai suna ITS a matsayin tambarin gane funfuna, sai dai ga Fusarium bai cika raba 'yan gida ɗaya ba, sai an haɗa da wani yankin DNA ɗin mai suna TEF1. Kuma kada ka rungumi sakamakon farko da GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, ya jefo maka. Akwai jerin DNA a cikinsa da aka sa wa suna ba daidai ba. Idan farantinka a gauraye yake, kuɗinka sun tafi a banza, shi ya sa ake fara tsarkake ta daga ƙwaya ɗaya.

Ni dai da madubi zan fara. Sannan ko sakamako ya ce Fusarium oxysporum ce, bai tabbatar ita ta kashe tumatirin ba, domin da yawa cikinsu ba sa cutar da komai. Sai ka bi ƙa'idar Koch ta tabbatar da abin da ya jawo cuta: ka sa ta a jijiyar lafiyayyen dashe, ka bar wani da ruwa zalla, ka jira yaushin, ka sake ware ta daga wanda ya kamu.