Ajin zanen ƙwarya na matan unguwarmu a Argungu

Wallahi da Inna ta ce za ta shiga ajin zanen ƙwarya da matan unguwa suka buɗe kusa da gidan tarihin Kanta na ɗauka ɓata lokaci ne, don tun rasuwar Baba ko ƙofar gida ba ta leƙawa, yanzu kuwa duk Asabar ita ke tada ni in kai ta a mashin. Malamar akwai haƙuri gaskiya, sai ta riƙe hannun mutum da wuƙar mai zafi har layin ya miƙe, ana zane ana hira ana dariya. Sai dai rumfar ta yi kaɗan, hayaƙin gawayi na sa tsofaffin tari. Ludayin farko da Inna ta zana a karkace yake amma ta hana kowa shan fura da shi.